Sarkin Tarago Ya Je Neman Aure Kalgo

Allah Ya yi wa Gwandu baiwa da malamai da attajirai, amma Alhaji Abdulgani Mai Katifa ɗaya Ya ba ta. Duk faɗin kasuwar garin shi kaɗai ya taɓa kwana a jirgin ƙasa, daga Kano har Ikko, shekaru tara da suka wuce. Sau ɗaya ya yi tafiyar, amma har yau bai gama saukowa ba. 'Yan kasuwa suka naɗa shi Sarkin Tarago, shi kuwa ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Gwandu ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo. To, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. In ka je sayen katifa, sai ya danna ta da yatsa ya girgiza kai.

"Wannan ai tabarma ce in ka ga ta jirgi. Ɗakin da munka kwana, gado bisa gado, fanka na busawa, ma'aikaci na durƙusawa da shayi. Jirgin na lallashinka kamar goyo. Ku da ba ku fita ba, mi kunka sani game da barci?"

Mai saye ya fita hannu wofi, Alhaji ya ce ƙauyanci ne ya kore shi.

Ana nan sai ya ga Halima Sadiya, wata bazawara mai sayar da atamfa a Kalgo, hankalinsa ya tashi. Aka ce ya je ya gaida waliyyinta, Baffa Sirajuddeen, tsoho marar yawan magana. Alhaji ya sha babbar riga, ya shiga bas yana yi wa direba faɗan kujera tun daga tasha.

A zaure, ko ruwa bai gama sha ba ya tayar da jirgi. Wannan karon gadon ya sami labulen alharini, shayin ya sami madara. Tsoho na ta gyaɗa kai. Babu wanda ya gaya wa Alhaji cewa Baffa ya yi shekara talatin yana aikin reluwe.

"Gadon sama anka ba ka ko na ƙasa, ɗana?" in ji tsoho.

"Duka biyun, Baffa. Mutum kamata ba a haɗa shi da kowa."

Don ya toshe bakin masu shakka, ya zaro wata takarda daga aljihu, an manne ta cikin leda, ga hatimi ja. Alhaji ba ya karatun boko, amma ya tabbata hatimi ba ya cin amanar mai shi.

Baffa ya ɗora tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ba tikiti ba ne, takardar kaya ce. Ta taragon dabbobi."

Daga bayan ƙofa aka ji Halima Sadiya ta tuntsire da dariya, ta gudu cikin gida da tiren abincin da ta ɗauko.

Gumi ya karyo wa Alhaji. "Rakiya ce na yi wa ragunan wani aminina, Baffa. Goma sha biyu kacal."

Tsoho ya sake duban takardar, ya miƙa masa a hankali.

"To, a nan dai goma sha uku anka rubuta."