Yadda Za Ka Kauce wa Hoton Asibiti Ko da 'Yarka Ce Masaniyar

Meram, 'yata, ta zo da mota daga Kano don ta kai ni a ɗauki hoton cikina. Har yau ina gidana a Yindiski, a kan tabarmata. Ka bi abin da zan faɗa, kai ma ba mai ɗaga ka. Na ba ka tabbaci.

1. Ɓoye kumburin cikin

Sa babbar riga. Ni tun damina nake ɓoye nawa. Soja ne ya tona ni a shingen hanyar kasuwa, da ya ce kowa ya ɗaga riga a ga bai ɗauko komai ba. Na ɗaga. Kaumi maƙwabcina yana gefena. Kafin la'asar ya buga wa Meram waya. Kada ka bi shinge da maƙwabci.

2. Bar ta ta yi bayani

Za ta ce a jinin mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin masu gadi, kowanne da cutar da yake cafkewa. Aikinta ta manna musu alama mai haske, a yi maka allurarsu, su je su cafke ciwon, na'ura ta hango inda suka taru. Kada ka ce ba ka gane ba. Uba ba ya faɗin haka. Ka ce, "To."

3. Nuna ka riga ta sani

Na ce mata tun ba a haife ta ba nake yi wa shanu alama da fenti a kasuwar Potiskum. Duk inda hannu ya kai, nan ake shafawa.

Ta ce, "Baba, su wuri ɗaya ake manna musu, can wajen wutsiya. In alamar ta hau bakin da suke kamu da shi, sun tashi aiki."

Na ce, "Ashe har wutsiya gare su." Ta canza magana. Ka lissafa irin wannan a nasara.

4. Kawo batun tsaro

Na ce, "Garin da aka hana hawa babur, a nan za ki sa cikina ya riƙa haske? In an ce in ɗaga riga fa?"

Ta ce ido ba ya ganinsa. Na ce sojan nan ya ga abin da uwarki ba ta gani ba.

5. Ci tuwo a gabanta

Yi babbar loma. In lomar ta ƙi zama a cikinka, ka fita kamar za ka duba akuya. Wanke baki kafin ka dawo.

6. Kore ta

In ka bi duk wannan, kuma ciwo ya kayar da kai, kada a aiko mini. Ban ce ni likita ba ne. Kuma wannan mataki ban gama gwada shi ba.

Ɗazu na ce ta koma bakin aikinta, umarnin uba ne. Ta cire takalmi, ta zauna a bakin tabarmata, ta ajiye makullin motar kusa da butata.

Ta ce, "Baba, na ji kana amai a bayan turken akuya. Ba zan tafi ba."