Rasuwar Rakodar Dakta Barau

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan Madina rasuwar rakodar Dakta Barau, mai haɗa magani a wata saidaliyya, wato kantin magani, da ke unguwar Harra ta Yamma. Ta cika ranar Litinin bayan la'asar, a falon mata, a gaban baƙuwa, tana da shekara ashirin da ɗaya a duniya. Mai ita ya kasa riƙe biro, shi ya sa aka rubuta a madadinsa.

Marigayiya haifaffiyar Japan ce, baƙa, mai mariƙi a ka da lasifika biyu zuru-zuru. Barau ya same ta a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 1977, yana ɗalibi a Zariya, da suma tuli guda da wando mai sharar ƙasa. Ku da kuka san shi yau da gemu da farar jallabiya, yana rige-rigen sahun gaba a Harami, sai ku yi haƙuri, haka yake a da. A wancan zamanin babu abin da ke shiga kunnensa sai kiɗan rok, na Turawan nan masu gashi har kafaɗa, waɗanda in suka kama jita sai ta yi kuka kamar an taɓa mata ɗa. Ƙungiyoyin makaɗan duk sun watse tuni, wasu sun mutu, wasu sun yi sanƙo. A cikin marigayiya kaɗai suka rage da ƙuruciyarsu, shi ma Barau can tasa take ajiye.

A 1985 aiki ya kawo shi Madina. Ya ji labarin ana binciken kaset a filin jirgi, sai ya zauna ya ɓare takardun jikin kaset ɗinsa arba'in da uku, ya liƙa sababbi, ya rubuta da kyakkyawan Larabci: Tafsiri na ɗaya, Tafsiri na biyu, har ƙarshe. Matarsa Hajiya Zaituna kuwa ya ce mata ya tuba, ya zubar da kayan kiɗa. Ta yi hamdala. Daga ranar nan ƙaryar ta shigo gidan, aka ba ta jaka mai makulli a saman kabad.

Halin marigayiya ba ya faɗuwa. Ba ta taɓa ɗaga murya inda ba a nema ba. Duk batirin da aka ba ta karɓa take, ba tsirfa. Kowace Alhamis da hantsi Barau zai sa ta a mota da kaset biyu, su nufi Al-Awali, gonar dabinon da Issoufou mutumin Maraɗi ke yi wa aiki. Katanga doguwa, injin ban ruwa na ta ƙugi, ba mai jin komai daga waje. Nan Barau zai jingina da dabino, ya rufe ido, babban yatsan ƙafarsa na motsi. Issoufou kan wuce da lauje ya ce, "Likita, malamin nan naka akwai shi da kururuwa." Iyakar gorin ke nan, bai taɓa kai shi gaba ba.

To, a gida kuma Zaituna alfahari take. Duk taron matan da ta je sai ta faɗa: maigidanta ko hutun Alhamis ba ya yi, gona yake tafiya sauraron tafsiri. Maganar ta zaga har kunnen Malam Khalilu na unguwar Ranuna, mutumin da ko rediyo bai yarda a shigar masa gida ba saboda kiɗa, sai dai na cikin motarsa don sauraron kaset ɗin karatu. Da ɗansa Haidar ya ce yana son Radiyya 'yar Barau, Malam bai yi dogon bincike ba. Cewa ya yi gidan da ake irin wannan sauraro ba ya buƙatar tambaya. Aka sa rana, bayan ƙaramar salla.

Ciwon ajali ya soma ne tun bara. Muryarta ta fara ja, mawaƙin da ke tsanyara ya koma gunji kamar bijimi. Tana ɗan warin ƙonanniyar roba. Wani lokaci maɓallinta ya yi tsalle shi kaɗai, ƙat, ba wanda ya taɓa. An kai ta wurin mai gyara, ya buɗe cikinta, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Khalas ya doktor, ta ƙare, ba a kawo kayanta kuma." Barau ya dawo da ita a kujerar gaba yana tuƙi a hankali.

Ranar Litinin yana wurin aiki, Hajiya Hajo matar Malam Khalilu ta zo ganin kayan ɗaki. Ana shan shayi ta ce, "Hajiya, wai ina tafsirin nan da ake ta labari? Ku sam mana albarka mana, ko rowa za ku fara mana tun ba a ɗaura ba?" Zaituna ta san inda makulli yake, a aljihun tsohuwar kwat. Ta sauko da jakar, ta zaɓi guda bakwai masu tsabta ta saka wa Hajo a jaka da hannunta. Sannan ta ce bari su ɗanɗana ɗaya, ta ɗauko marigayiya ta dasa a tsakiyar kafet, ta zura Tafsiri na goma sha biyu, ta danna.

Marigayiya ta ce shshsh. Sai kuma ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, sandar mai ganga tana ƙirga shigar kiɗa. Abin da ke biye da na huɗun, wanda ya sani ya sani. Nan baiwar Allah ta tattara sauran ƙarfinta, ta ce ƙurrr, ta cafke zaren kaset ɗin ta haɗiye, ta yi hayaƙi siriri, ta yi shiru. Ba ta ƙara motsi ba.

Hajo ta ce, "Ayya, malam na gwada makirfo ke nan ta mutu." Zaituna kuwa nan take ta gane. Ƙas huɗun nan ta san su, da su wani mai suma yake zuwa zance ƙofar gidansu a Tudun Wada. Ta dubi jakar Hajo da ke maƙale a hammata. Ta ina mutum zai ce wa suruka dawo da tafsiri? Haka ta raka ta har bakin mota tana murmushi.

Marigayiya ta bar kaset talatin da biyar a gida, marayu, da bakwai a hannun surukai. Na goma sha biyun yana cikinta, an kasa raba su, tare za su tafi. Ta bar wayar wuta guda mai ɗauri biyu, da batir shida da ba su gama ƙarewa ba. Ta bar Barau, wanda tun da ya ji yadda aka yi bai ci abin kirki ba.

Za a yi jana'iza yau Alhamis bayan la'asar a gonar Al-Awali, gindin dabinon da ke kusa da injin ruwa. Issoufou ya haƙa rami, ya kawo buhun da za a naɗe ta. Ba a buƙatar taro, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambayi sunan malamin.

Zaituna tana kai wa Barau abinci, ta ajiye, ta fita, yau kwana uku ba ta ce masa uffan ba. Radiyya ba ta san komai ba, tana ɗaki tana gwada lalle tana amsa wa uwarta da Larabci. Malam Khalilu da Hajo da Haidar da limamin unguwarsu sun kama hanyar Makka da safen nan za su yi umara, tafiyar awa biyar, da kaset bakwai a gaban mota. Rediyon motar lafiyarsa ƙalau. Ranar aure tana nan ba a ɗaga ba tukuna, Barau kuma yana zaune kusa da tarho.