Sufeto da Tagogin Inna

"Ni fa ba a yi mini ƙarya. Ko a baki take, ko a takarda, ko a intanet, daga nesa nake jin warinta."

Mai wannan magana mijin ƙanwata ne. Sufeto muke ce masa, ba don ya taɓa sa kaki ba, sai don ko lemo zai saya sai ya yi wa mai lemon tambaya bakwai, sannan ya dawo gida da ruɓaɓɓe. In kuna da irinsa a danginku, na san kun riga kun gyara zama.

Ɗakin Inna, mahaifiyarmu, shi ya jawo maganar. Wani mai walda ya buɗe shago daura da tagarta, tun safe har la'asar ana yankan ƙarfe. Likita ya ce jininta ya hau, dole ta riƙa samun barcin rana. Tagogin nata kuwa tsofaffi ne na katako, ko tari aka yi a titi sai ta ce sannu. Na samo shafin wani kamfanin sa tagogi a intanet, na fara rubuta tambayoyin da zan yi musu, sai Sufeto ya zare wayar daga hannuna.

"Yaya, ki sani, wannan ba aikin takarda da biro ba ne. Aikin hanci ne."

Ya ɗaga wayar nesa da fuskarsa, ya runtse ido ɗaya.

"Wai shekara talatin suna aiki. Ƙarya. Wannan benen da suka ce su suka sa wa tagogi, daga ƙasar waje suka sato hoton. Dubi shuɗin saman nan! Ina muka ga sama irin wannan?" Da ya kai inda aka rubuta cewa tagoginsu suna kashe ƙara, dariya ya yi har da dukan cinya.

Sannan ya je ya durƙusa gaban Inna, kai a ƙasa, murya kamar ta ango. "Inna, ki bar mini su. Gobe zan tona musu asiri."

Inna ta ce, "Ni dai barci nake nema, ba asiri ba."

Washegari na bi shi, da takardata a jaka. Wanda ya tare mu a shagon matashi ne, bai fi ashirin da biyar ba. Sufeto ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai shekara talatin ɗin? Tun kana ciki ka fara?"

Matashin ya waiwaya kawai ya ce, "Baba!"

Wani tsoho ya fito daga bayan tarin gilasai, yatsunsa duk tabon yanka. Da ya ji tambayar ya ce, "Talatin da huɗu ne. Ɗana ne ya ce talatin ta fi kyau a ido."

Sufeto ya yi gyaran murya, ya nuna hoton benen. Matashin ya kai shi bakin ƙofa, ya nuna masa tsallaken titi. Benen na nan tsaye, har da wanki a baranda.

"To saman fa?"

"Yallaɓai, ranar babu hadari."

Saura maganar ƙara, kuma a nan Sufeto ya sa duk ƙarfinsa. Akwai tagar gwaji a bangon da ya raba shagon da sito. Ya shiga siton, ya sa aka rufe, ya fara ihu. Muna ganin bakinsa na buɗewa yana rufewa, jijiyar wuya ta miƙe, hula ta karkace. Ya fito da dusasshiyar murya.

"Me na ce?"

"Ba mu gane ba," in ji ni. "Amma ana jin muryarka sama-sama."

Tsohon ya ce, "Gaskiyarta. Rage ƙara suke yi, ba sa kashe ta. Kuma bangon nan yana da kauri, ya taimaka. Wannan 'kashe' ɗin ma ɗana ne ya rubuta."

Ka ga abu ɗaya tak da aka zuzuta a shafin, kuma mai shagon ne da kansa ya faɗa. Na rubuta, na nemi a sa mana a takarda irin gilashin da za a kawo. Sufeto kuwa ya riga ya sauya sheƙa.

"Haba Baba, kada ka ɓata wa kamfaninka suna. Ni na gwada da bakina. Kashewa suke yi murus!"

Ranar aikin ma'aikata suka zo da sassafe, suka cire tsofaffin tagogi, suka kafa sababbin firam na alminiyom, suka koma mota ɗauko gilasan. Daidai lokacin Sufeto ya iso, kaya a goge, turare na gaba yana biye. Ya tsaya a titi, hannu a ƙugu.

"Ikon Allah! Dubi tsabta. Sai ka rantse babu gilashi."

Na ce, "Sufeto, ai…"

"Yaya, ki bari. Ke kin yi naki na biro."

Ya yafito mai walda, ya sa ya kashe inji, ya jawo shi har gindin taga. Inna na zaune a bakin gado, taku biyu tsakaninsu. Sufeto ya ɗaga mata hannu, ya rusuna, ya washe haƙora, kuma ta cikin wannan murmushin ya fara magana da ƙarfi.

"Ka ga tsohuwar nan? Ko bindiga ka harba a nan ba za ta ji ba. Shekara goma sha biyu ina durƙusa mata, gwiwata ta gama aiki. Kuma kar ka damu, ba kai ka sa mata hawan jini ba, mita ce. Injinka yana hutawa da la'asar, bakinta ba ya hutawa."

Mai walda ya fara ja da baya. Sufeto ya riƙo hannun rigarsa.

"Tsoron me kake ji? Kimiyya ce! Dubi yadda take kallona, kamar kifi a kwalba." Ya sake rusuna mata. "Shayin nan nata kuwa, wanda kullum nake cewa ba irinsa a duniya, a tukunyar fulawa nake juye shi. Fulawa uku sun mutu."

Sai aka ji murya a bayansa. Ma'aikata biyu ne, riƙe da faffaɗan gilashi.

"Yallaɓai, a ɗan ba mu hanya, za mu sa gilashin."

Sufeto ya dubi gilashin, ya dubi tagar. A hankali ya miƙa yatsa ɗaya. Yatsan ya wuce, hannun ya bi shi har gwiwar hannu.

Inna ta gyara mayafinta, ta dubi ma'aikatan.

"Ku jingine shi tukuna, 'ya'yana. Barcin zai iya jira, surukina bai gama ba." Ta juyo gare shi. "Ci gaba, a kan shayi muka tsaya."