Rasuwar Sajan, Mai Rabon Abincin Biskit

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya hau samanta ya zauna, Madam Marlys Tollefson ta gida mai lamba goma sha bakwai, layin da ke gangarawa bakin tafki a nan garin Duluth, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da matan ƙungiyar waƙa ta coci rasuwar Sajan, injin da ya shekara biyar yana raba wa karenta Biskit abinci a lungun kicin. Ya rasu ranar Talata da ƙarfe biyar na yamma daidai, bayan gajeruwar rashin lafiya. Rashin lafiyar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma shebur ɗin kwashe ƙanƙara ne ya kawo ta. Shebur ɗin yana hannun Marlys a lokacin, ba ta kuma nemi a ɓoye wannan ba.

Marigayin ya shigo gidan ne ta hannun maigidanta Arvid, a shekarar da gwiwoyinsa suka daina yarda ya sunkuya. Fari ne, tsayinsa iya gwiwa, da tumbi mai cin rabin buhu. Arvid ne ya raɗa masa Sajan, don bai san latti ba. Bakwai na safe da biyar na yamma zai yi gurnani, grrrr, ya kwararo abinci cikin kwanon ƙarfe, sannan ya buɗe baki da muryar da Arvid ya naɗa masa, murya mai kaushi kamar ana jan kujera a kan siminti: "Zo nan, ɗan banza, ka ci kafin in cinye!"

Ranar farko Marlys ta riƙe ƙugu. "Haba Arvid! A kicin ɗina za ka ajiye abin da zai riƙa zagi sau biyu a rana? In fasto ya zo fa?"

"In ya ji kira ya zo ya ci shi ma, tsohuwa," in ji Arvid.

Bayan shekara guda Arvid ya kwanta dama, kuma daga ranar Marlys ba ta sake kawo ƙarar zagin ba. Ta riƙa shan kofinta na safe a tsaye kusa da lungun, wai don nan ne hasken taga ya fi kyau.

Dole a faɗi halayen kirki na mamaci, don haka ga su. Sajan mai riƙon amana ne: bai taɓa rage ƙwaya ɗaya ba, bai taɓa ƙarawa ba. Mai juriya ne: ranar da guguwar dusar ƙanƙara ta ɗauke wutar unguwa, da batir ya yi aikinsa. Mai biyayya ne, kuma a nan ne Marlys take so a dakata. Duk abin da aka zuba masa shi yake bayarwa. Shekara biyar yana tsaye gaba da gaba da karen nan, yana ganinsa fiye da kowa, amma ko sau ɗaya bai shaƙe ba, bai ƙi aiki ba, bai yi wata ƙara da za ta sa mutum ya tsaya ya duba ba. Ba a taɓa ganin munafuki mai kiyaye lokaci irinsa ba.

A zamanin Arvid, abincin kare na kowa da kowa ake zuba masa, mai masara da shinkafa, wanda ake jibgewa a ƙasan kanta kusa da gishirin narka ƙanƙara. Canji ya zo ne ranar da aka binne Arvid, a ɗakin ƙasa na coci inda ake cin abincin makoki. Lorna, ƙanwar Arvid, wadda ta yi sallama da alkama tun shekarar da ta karanta wani abu a waya, ta janyo kujera ta zauna kusa da Marlys da farantinta na ganye.

"Matar Yaya, ba lokacin maganar ba ne, amma dole in faɗa. Me kike ba karen nan?"

"Abin da Arvid yake ba shi."

"Masara? Kaza ce shi? Kare jikan kyarkeci ne fa. Kin taɓa ganin kyarkeci a gonar masara? Shi kaɗai Yaya ya bar miki mai numfashi, ki riƙe shi da mutunci mana."

Wannan magana ta ƙarshe ce ta kama Marlys, kuma Lorna ta san za ta kama ta. Cikin mako guda aka cika tumbin Sajan da sabon abinci, baƙin buhu mai hoton kyarkeci a kan dutse yana kallon nesa kamar an ba shi sarauta, da manyan haruffa masu shelar cewa babu hatsi ko ƙwaya. Marlys ta riƙe dokar fiye da yadda ta riƙe azumin coci. Ta hana mai kawo wasiƙu miƙa wa karen ɗan abin taɓawa. Ta doke hannun fasto a kan ɓawon burodi. Karen da sunansa Biskit ya shekara huɗu bai ɗanɗana biskit ba, ita kuwa tana yawo da alfahari, tana tausaya wa karnukan maƙwabta masu cin masara.

Da kakar bana Biskit ya fara tari. Ya daina hawa bene zuwa kujerar Arvid. Marlys ta ce tsufa ne, Lorna ta ce jikinsa ne ke fitar da dattin da ya tara a zamanin masara. Safiyar Talata, suna tafiya a bakin tafki, ƙafafunsa suka naɗe ya kife cikin dusar ƙanƙara, idanunsa a buɗe, bai san inda yake ba.

A asibitin dabbobi, Dakta Vang ta juyo mata da allon hoto ta nuna mata wani abu mai motsi a kasale.

"Mama, zuciyarsa ke nan. Ta buɗe ta yi girma, naman kuma ya yi siriri, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Me yake ci?"

Marlys ta ciro waya ta nuna hoton buhun, kuma abin da ba za ta yafe wa kanta ba shi ne da murmushi ta nuna. Likitar ta faɗaɗa hoton, ta tsallake kyarkecin, ta gangara wurin ƙananan haruffa. Wake, wani waken, garin wake, dankali, sai can ƙasa ɗan nama.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama, masu bincike ba su gama tabbatar da yadda abin yake ba. Amma ba shi ne na farko da na gani da irin wannan zuciyar da irin wannan buhun ba. Wasu sukan farfaɗo in an canza abinci aka haɗa da magani."

"Wasu?"

"Wasu. Sai dai dole ya ci. In bai ci ba, maganin ba zai riƙe shi ba."

Sun iso gida biyar saura kaɗan. Marlys ta kwantar da Biskit a kan tabarmarsa, ta fita ta share matakala, ta dawo da shebur a hannu don ta jingine shi bayan ƙofa. A daidai nan Sajan ya yi gurnani. Bai san komai ba, bai damu ya sani ba. Ya kwararo waken nan cikin kwano cike da gadara, karen da ko tsayuwa ba ya iyawa ya fara jan jiki zuwa wurinsa, muryar mijinta kuma ta tashi tana kiransa ya zo ya ci.

Bugu uku ta yi masa da shebur ɗin. Na farko ya fasa tumbin. Na biyu ya watsa abinci har ƙarƙashin firji. Kalmominsa na ƙarshe su ne, "Zo nan, ɗan ban," na uku ya sauka. Sai da kicin ya yi tsit sannan ta tuna cewa Arvid ba mai barin saƙo a waya ba ne, ba mai yarda a ɗauke shi a bidiyo ba ne, kuma a duk faɗin duniya babu inda muryarsa ta rage sai cikin abin da ke warwatse a gaban takalmanta. Ta zauna a ƙasa cikin waken ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'izarsa.

Marigayin ya rasu ya bar wayar wuta mai baki biyu, da kwanon ƙarfe wanda ya lanƙwashe amma yana raye, da rabin buhu mai hoton kyarkeci wanda yanzu yake gareji yana kallon bango. Ya bar saƙon da har yau yake shigowa wayar Marlys safe da yamma yana cewa ba a ciyar da Biskit ba, kamar ba ta sani ba. Ya bar masu buga buhun, waɗanda Marlys take yi wa fatan su ci abin da suke sayarwa har ƙarshen rayuwarsu. Ya bar Lorna cikin ƙoshin lafiya, abin takaici.

Ya kuma bar Biskit, wanda ya ƙi ci.

Laraba, Alhamis, Jumma'a. Marlys ta zuba abincin da likita ta rubuta, ya kau da kai. Ta dafa kaza da shinkafa, ya sunsuna ya koma ya kwanta. Bakwai da biyar zai ja jiki zuwa lungun ya zauna yana kallon soket ɗin da babu komai a jikinsa. Ta lallaɓa shi, "Biskit ɗana, zo ka ci, don Allah." Ta rufe ƙofa, ta ja labule, ta gwada kalmomin Arvid, amma shekara talatin tana jan siririyar murya a ƙungiyar waƙa, zagin ya fito kamar addu'a. Karen ko kunne bai ɗaga ba. Ƙashin haƙarƙarinsa ya fara bayyana, Dakta Vang kuma ta ce in Asabar ta yi bai ci ba, a kawo shi su zauna su yi wata magana. Marlys ta san wace magana ce.

Da yammacin Jumma'a Lorna ta zo da tiren gasasshen abinci lulluɓe da tawul, yadda ake kai wa gidan da aka yi rashi. Ko a wannan babu taliya, farin kabeji ta sa.

"Matar Yaya, na ji abin da ya faru. Amma kin san likitocin nan da kamfanonin masara bakinsu ɗaya. Akwai wani sabo, ɗanyen nama ne zalla, na karanta..."

"Lorna, shebur ɗin yana nan bayan ƙofa."

"Ni ce na sa masa ciwo? Taimako na yi!"

"Kin zauna kusa da ni ranar da na binne mijina, kin sayar mini da wake! Ɗauki kabejinki ki fita."

Lorna ba ta fita ba. Ta hango karen a lungu, ta ga yadda ya koma. Ta ajiye tiren. 'Yan gidan Tollefson ba su iya ba da haƙuri ba, faɗa suka iya, don haka ta juya kan karen da faɗa, hawaye na zuba, da muryar nan ta gidansu wadda uwa ɗaya ta raba musu ita da yayanta.

"Kai kuma uban me kake jira? Zo nan, ɗan banza, ka ci kafin in cinye!"

Muryar ta fito kamar ana jan kujera a kan siminti. Marlys ta dafa teburi.

Biskit ya ɗaga kai. Ya dubi soket, ya dubi Lorna, ya miƙe a kan ƙafafu masu rawa, ya taka zuwa lanƙwasasshen kwanon ya sa baki. Ya cinye shinkafar, da kazar, da ƙwayar maganin da ke ɓoye a ciki, ya lashe kwanon har yana tafiya da shi.

Babu wadda ta rungumi wata. Marlys ta ce, "Gobe bakwai na safe. Kada ki makara. Wanda kika gada bai taɓa makara ba."

Za a yi jana'izar Sajan ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a filin da gunduma ta ware wa mushen kayan lantarki, tunda motar shara ta ƙi ɗaukarsa. Za a kai shi cikin kwalin da ya zo, a bayan motar Arvid. Ba a buƙatar furanni. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu son ta'aziyya su juya buhun abincin karensu su karanta ƙananan haruffa, su kai wa likita, ba 'yar'uwar miji ba. Duk wanda ya zo da shawarar da ya samo a waya, ya tuna yadda marigayin ya ƙare.

Ba a gayyaci Lorna wurin jana'iza ba, kuma ba a yafe mata ba. An ba ta mabuɗin ƙofar kicin ne kawai. Dakta Vang ta ce sai bayan wata uku za a sake ɗaukar hoton zuciyar a ga ko ta fara komawa, don haka har zuwa ranar Lorna za ta riƙa zuwa bakwai na safe da biyar na yamma, ta faɗi kalmominta tara, ta yi shiru, ta tafi. In ta ƙara ko kalma ɗaya a kan alkama, za a karɓe mabuɗin.

Ana kuma roƙon maƙwabta kada su buga ƙofa a waɗannan lokuta biyu. Marlys takan tsaya a bayan ƙofar falo da kofinta, ta juya wa kicin baya, ta rufe ido, don in ba ta ga fuskar Lorna ba, Arvid ne yake kira.