Farfesan Hantsi Ya Karanta Maƙogwaron Ƙaninsa

Duk wanda bai san Alhaji Nata'ala ba, to bai taɓa ciwo a ƙasar Gwarzo ba. Allah ya yi mana baiwa da shi. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru a wani babban asibiti a Kano, a sashen ɗaukar hoton cikin jiki. 'Yan baƙin ciki suna cewa masinja ne, aikinsa kai ambulan daga wannan ɗaki zuwa wancan. To sai me? Ambulan ɗin ba a hammatarsa yake wuni ba? Ilimi ai ta nan ma yana shiga.

Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ta sallame shi, sai ya dawo gida ya ce shi ya ajiye aikin don tausayin mutanen karkara. Ya kafa kujera a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Daga Dugabau, daga Jama'a, duk wanda aka yi wa hoto a birni sai ya biyo ta nan kafin ya isa gida. Alhaji zai goge tabarau, ya ɗaga hoton ya saita shi da rana, ya yi gyaran murya, ya faɗi yadda za ta kaya. Shi ya sa muke ce masa Farfesan Hantsi. In hadari ya haɗo, asibitinsa a rufe yake.

Da Shari'a ta zo aka fara fatattakar 'yan duba, an ce hankalinsa ya ɗan tashi. Amma ya yi wa 'yan majalisarsa ta ƙofar gida bayani: "Ni ba ƙasa nake bugawa ba. Kimiyya ce. Boka zato yake yi, ni gani nake yi."

Ana nan sai ƙaninsa Malam Bashari, mai koyarwa a wata Islamiyya a Lakwaya, ya kwanta. Murya ta dishe, tuwo ya ƙi wucewa. A Kano aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, irin wanda ƙwayar bairos ke haddasawa. Likita ya duba hoton, ya gaya wa Gwamma, matar Malam, cewa irin wannan yana jin magani, in dai an hanzarta kai shi asibitin Zariya a yi masa gashi da na'ura.

Amma a gidansu ba a tsallake babban wa. Aka kawo wa Farfesa hoto.

Ya ɗaga shi sama, ya daɗe yana girgiza kai. "Kun ga wannan farin? Shi ke nan. Likitocin yanzu yara ne, a gabana aka sauke injin hoton daga mota. Kada a wahalar da bawan Allah da wata Zariya. Ba zai ga azumi ba. A zaga da shi dangi ya nemi gafara, ya dawo ya kwanta a ɗakinsa."

Farin nan, daga baya muka ji, ƙashin wuya ne. Kowa yana da shi, har Alhajin.

Malam Bashari ya sunkuyar da kai ya ce Yaya ya gama magana. Gwamma ta yi kuka har idonta ya kumbura, don ta san mijinta: ya gwammace ya mutu da ya musa wa wansa. Da ta gaji da kukan sai ta ja mayafi ta je ta durƙusa gaban Alhaji.

"Yaya, akwai Gwaggo a Zariya. Bai kamata ya tafi bai nemi gafararta ba."

Alhaji ya ji daɗi ƙwarai da ganin ana bin umarninsa daki-daki. Motarsa ya bayar, har da direba. Abin ikon Allah, gidan Gwaggo a bayan asibiti yake. Ita kuma Gwaggo da ta ji zancen ta ce ba za ta yafe komai ba sai an gama gashi. Neman gafarar nan sai da ya ci watanni.

Farfesa kuwa bai zauna haka nan ba. Ya ɗinka farar shadda ta karɓar gaisuwa, ya tanadi tabarmi, ya sanar da duk wanda ya kawo hoto cewa ko ɗan'uwansa bai ɓoye wa gaskiya ba. Da ya ji ƙugin mota sai ya gyara fuska.

Ana shirin duban watan azumi Malam Bashari ya sauka, da ƙafarsa. Ya rame, wuya ya yi baƙi, muryar tana karce-karce, amma tuwo yana wucewa har da ƙari. Ya tarar da majalisar wansa a cike. Wasu suna kallon Malam, wasu suna kallon Farfesa, shi kuma Farfesa yana kallon takalminsa.

Malam ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Yaya, na zaga dangi kaf, kai kaɗai ka rage. Na saɓa maganarka. Ka gafarce ni."

Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dubi ƙaninsa sama da ƙasa, ransa a ɓace.

"Na yafe," in ji shi. "Amma kada a kuma."