Daraktan Da Ya Soke Gaisuwa

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa Karaye baiwa da su, a fara da Malam Abdulmutalib, sannan a zauna a sha ruwa kafin a nemi na biyu. Mutum ne da ya san aiki ciki da waje, musamman waje, domin a nan ya fi daɗewa. Tun da ya gama makaranta babu ofishin da ya yi sa'ar samunsa. Ya ce ba su kai ba ne, mu kuwa ba mu da dalilin musa masa.

Bara aka yi wata bita a Kano kan dabarun neman aiki. Wanda aka gayyata daga Karaye zazzaɓi ya kwantar da shi, sai Abdulmutalib ya taimaka wa ƙasa ya tafi a madadinsa. Ya bar gari yana Talibu, ya dawo yana Darakta. Ya zo da satifiket, da jaka mai tambari, da wata kwat da yake ɗorawa a kan kaftani ko da rana tana gasa ƙasa. Bitar ba ta kai mako ba, amma har yau idan ya ce "lokacin da muke Kano," sai ka rantse mulki ya je yi.

To, ƙungiyar cigaban gari ta daɗe tana damuwa da magidantan da abin gonarsu ba ya kai su ƙarshen shekara. Shugabanta, Malam Shitu, dattijo mai haƙuri, ya roƙi Darakta ya tsara kwas da zai koya wa irin waɗannan manya yadda ake neman aiki. Aka share masa ɗakin da ake ajiye takin zamani, aka ba shi allo da wata kujera mai juyi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: idan kwas ya ƙare ba a sami ko mutum guda da aka ɗauka aiki ba, taki zai koma ɗakinsa, kujera ta koma inda ta fito. Darakta ya shafa hannun kujerar kamar mai lallashin amarya, ya ce mutum guda ai raini ne.

Da mai ƙaramin sani ne, da sai ya fara da tambayar mutane wane aiki suka iya, da wane aiki ake nema a yankin. Darakta ya wuce nan. Ya rufe ƙofa, ya yi ta juyi a kujera, gabas da yamma, har Allah Ya nuna masa cutar.

Ranar buɗe kwas mutane suka zo daga Tudun Kaya da Unguwar Hajji, wasu ma daga Rogo a kan babur. Darakta ya miƙe, ya gyara kwat.

"Jama'a, na yi bincike mai zurfi. Ba rashin aiki ke damun Karaye da Rogo ba. Gaisuwa ce. Mutum zai je neman aiki, ya tsaya ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya shanu. Kafin ya kai kan shanu an ba wa wani aikin. Daga yau na soke ta."

Wani mai suna Sulle, manomin gyaɗa daga Tudun Kaya da ke fatan samun aikin gadi, ya ɗaga hannu. Da aka ba shi dama sai ya fara da yi wa Darakta barka da ƙoƙari da tambayar mutanen gida. Darakta ya nuna shi da alli, ya ce ga cutar nan da ƙafafunta.

Haka aka shiga darasi. An koya wa mutane kada su cire takalmi a gaban kowa, domin takalmi, in ji Darakta, shi ne rabin kwarjini. An hana durƙuso. An hana sunkuyar da kai. Mai neman aiki zai shiga da sauri, ya kafe mai ba da aiki da ido, ya miƙa hannu tun kafin a miƙo masa, ya faɗi sunansa da ƙarfi, sannan ya ce shi ne ya fi kowa cancanta. Dattawa masu furfura suka yi ta zagaya ɗakin taki suna harar juna, suna neman gafarar Allah a ƙasan maƙoshi.

Darasin yabon kai ne ya fi ba da wahala. Akwai Talatu, wadda tuwonta ya yi suna a duk bikin Unguwar Hajji, kuma aikin girki take nema. Darakta ya ce ta tashi ta faɗa wa aji irin gwanintarta. Ta ja mayafi, ta ce ai wannan sai a tambayi waɗanda suka ci. Ya ce waɗanda suka ci ba su ke neman aiki ba. Ta yi ta zufa, daga ƙarshe ta ce ba a taɓa dawo mata da kwano da saura ba, kuma Allah Ya yafe mata wannan magana. Darakta ya girgiza kai. Don ya nuna musu yadda ake yi, ya tashi ya yabi kansa tun daga hantsi har aka kira azahar, bai maimaita komai ba sai sau da yawa.

Sulle kuwa ya zama abin tausayi. Duk ƙoƙarinsa, da ya zo bakin ƙofa ƙafarsa take zame takalmi da kanta. Darakta ya sa ya aro sau-ciki mai igiya, ya ɗaure tam. Wannan dabara ta yi aiki, kuma Darakta ya ce zai sa ta a littafin da yake shirin rubutawa.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Alhaji Ɗanmaliki na Beli ya kafa injin matsar man gyaɗa, yana neman mai gadi, da masu ɗinkin buhu, da mai dafa wa ma'aikata abinci. Malam Shitu ya je da kansa ya roƙe shi ya fara duba 'yan kwas. Darakta da ya ji, sai ya kai kwat wajen mai guga. Ya shaida wa na kusa da shi cewa inji irin wannan ba zai tafi babu manaja ba, kuma bai ga wani manaja a yankin ba in ba wanda suke kallo ba.

Ranar gwaji aka cika mota, har da Malam Shitu, aka nufi Beli. Alhaji Ɗanmaliki tsoho ne, a haife ya haifi yawancinsu, yana zaune a kan darduma a rumfar ƙofar injin da carbi a hannu. Darakta ya tsaya a bayan mota yana tura ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kamar kwamandan da ya san darajar ransa.

Sulle ne ya fara. Ya taka da sau-cikinsa har tsakiyar darduma, ya zuba wa tsohon ido, ya miƙa hannu daga tsaye.

"Sunana Sulle. Ni ne na fi kowa cancanta."

Carbin Alhaji ya tsaya. Ya dubi takalmin, ya dubi Sulle, ya tambayi Malam Shitu a hankali ko bawan Allahn nan yana da lafiya. Na biyu ya zo ya yi haka. Na uku ma. Talatu ta zo ta tsaya ƙiƙam, ta buɗe baki, kunya ta rufe ta, ta juya ta koma mota da gudu. Fuskar Alhaji ta haɗe. Ya ce a kira masa wanda ya kawo mutanen nan.

A nan ne aka ga ilimi. Tun daga nesa Darakta ya zare takalmi ya riƙe a hannu. Ya tafi a sunkuye, ya zube a gefen darduma, kwat tana shan ƙura. Ranka ya daɗe, Allah Ya ja zamani, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa. Har shanu ya tambaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya yi kiwonsu. Ɗalibansa suna tsaye da takalmansu suna kallo.

Alhaji ya tambaye shi wa ya koya wa manyan mutane wannan rashin kunya.

"Wallahi, ranka ya daɗe, zamani ne," in ji Darakta, idonsa a ƙasa. "Kullum ina fama da su."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce cikin duk waɗanda aka kawo masa yau mutum ɗaya ya gani mai tarbiyya, kuma irinsa yake so baƙi su fara gani. Zuciyar Darakta ta yi tsalle ta hau kujerar manaja. Alhaji ya ƙarasa da cewa gobe ya zo ya karɓi mukullin ƙofa da tocila, gadin nasa ne.

Darakta ya buɗe baki zai yi bayani kan satifiket. Sai Malam Shitu ya sunkuyo, ya tuna masa a kunne cewa har yanzu ko mutum guda ba a ɗauka ba, kuma masu taki suna jira. Darakta ya haɗiye bayaninsa. Ya yi godiya.

Saboda haka kwas ya yi nasara, babu mai musu. Ƙungiya ta cika alkawari ta bar masa kujera, shi kuwa ya ɗaura ta a bayan babur ya kai ta ƙofar injin. A nan yake juyi yanzu, da kwat da tocila. Idan ka tambaye shi, zai ce shi ne shugaban sashen tsaro da karɓar baƙi.

Bayan kwana biyu Sulle da Talatu suka koma Beli, wannan karon da wani dattijon unguwarsu da zai yi magana a madadinsu, kamar yadda aka saba tun farko. Talatu ta gaida mai gadi ta wuce. Sulle kuwa, don girmama malaminsa, ya ga ya kamata ya nuna bai manta karatu ba. Ya tako da takalminsa, ya kafe Darakta da ido, ya miƙa hannu, ya ce sunansa Sulle.

Darakta ya juya kujera a hankali, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai, wa ya rene ka? Koma ka cire takalmi, ka zo ka gaishe ni."