Ranar da Na Rera Miyar Kuɓewa a Alƙahira

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka tsayar da ni gaban cikakken ɗaki a Alƙahira aka ce ni ne mawaƙin blues na asali ba. Ni fa, wanda tun ina aji uku a Islamiyya Malam ya zare ni daga cikin masu ƙasida ya ce in riƙa tsare musu takalma. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji na ce "kai" a fili, na kusa da ni ya tambaye ni ko lafiya.

A 2013 ne, ina karatun harhaɗa magunguna a jami'a a Giza, ina zaune a Hayyin Ashir. Ina da aboki ɗan ajinmu, Bamisire, sunansa Hisham. Shi ya riƙe ni a shekarata ta farko lokacin da malamai ke zuba Larabcin Masar ni kuma ina zaune da Larabcin littafi ina zare ido. Shi yake ba ni littafinsa in kwafa, uwarsa kuma ta sha aiko mini da abinci. Hisham yana kaɗa jita, shi da abokansa biyu, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar blues. Ya yi mini bayani cewa waƙar baƙaƙen Amurka ce, daga bauta da gonakin auduga ta fito. Na gyaɗa kai. (Gaskiya da ya kunna mini, ni dai na ji kamar mutum ne mai ciwon haƙori aka ba jita, amma ban faɗa ba.)

Akwai wata mata, Madam Nuha, mai wani ɗan zaure a tsakiyar gari inda ake shan shayi ana kallon zane-zane. Duk Alhamis takan ba wasu makaɗa wurin. Shekara guda cur Hisham yana bin wannan Alhamis ɗin. Da ƙyar ta saurare shi, ta ce muryarsa ba laifi, amma blues ba na ɗan unguwar Shubra irinsa ba ne, jini ne. In yana son Alhamis, ya nemo baƙin mutum ya tsaya a gaba, ta ba su gwaji sau ɗaya.

Washegari ya tare ni a bakin ɗakin gwajin magunguna na jami'a. "Kai kaɗai ne za ka cece ni," in ji shi.

"Hisham, ban iya waƙa ba."

"Ba sai ka iya ba. Yana cikin jininka."

"Wallahi ba ya ciki. Na duba."

Ya yi dariya, ya ce tawali'u ne irin namu. To a nan ya kamata in tsaya a kan bakana, kuma ban tsaya ba. Dalilin kuwa shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin. Shekara biyu ke nan ina tafe a titi ana kira mini "ya samara", wato kai baƙi, ana kira mini "shokolata", wato cakulan, mai tasi ya rage gudu ya kalli fuskata ya ƙara wuta. Rana ɗaya kuma sai ga wannan fatar ta zama takardar shaida, har ana roƙona da ita. Abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce masa tamam, na yarda.

Muka fara gwaji a ɗakin mai gangarsu. Aka ba ni baitocin Turanci, na karanta su kamar mai karanta takardar magani. Hisham ya dafe kai, can sai fuskarsa ta washe. Ya ce in bar Turancin, in rera da yarenmu, wata waƙar baƙin ciki ta kakanninmu, wannan ma ya fi zama na asali.

Wace waƙar baƙin ciki? Babana kayan gyaran mota yake sayarwa a Gusau, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Bautar da ake ta magana kuwa, a yadda kakata ke ba da labari tana taƙama, kakan kakanmu shi ne mai bayin. Duk wannan ban gaya wa Hisham ko ɗaya ba. Na ce akwai wata, amma kalmominta suna da nauyi, ba a faɗarsu sai ranar taro. Sai na riƙa yin "mmm" da "ooo" a gwaji, su kuma suna kallon juna suna jinjina kai. Niyyata in zauna in tsara wasu 'yan baitoci kafin ranar. Gobe, jibi, ga jarrabawa, ga wanki, har Alhamis ta iso ban rubuta ko "a" ba.

Lokacin akwai dokar hana fitar dare, don haka ƙarfe huɗu na yamma aka sa taron. Na sa wankakkiyar shaddata mai ruwan toka. Madam Nuha tana ganina ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce tana ganin tarihi a idona. (Barci ne, ban runtsa ba saboda fargaba.) Ta hau ɗan dandamalin ta gaya wa jama'a cewa yau za su ji blues daga tushensa, daga bakin ɗan Afirka. Na tsaya ina tunani, to ita Masar ɗin a wace nahiya take? Ban gama warware wannan ba aka miƙo mini makirfo.

Hisham ya fara kaɗawa a hankali. Ya zagayo sau ɗaya, ban shiga ba. Ya sake zagayowa, ya ɗaga mini gira, ya ce "yalla" ƙasa-ƙasa, wato in shiga. Kaina fayau, ko sunan unguwarmu aka tambaye ni a lokacin sai na yi tunani. Abu ɗaya tak na samu a ciki, wato yadda ake miyar kuɓewa, don a makon nan Inna ta karanto mini ta waya sau uku har na haddace. Na rufe ido, na ja murya, na ce:

"Ka ɗora ruwa ya tafasa, ka saka daddawa."

Na maimaita shi sau biyu kamar yadda Hisham ya koya mini, sannan na sauke da:

"Ka jefa kanwa 'yar kaɗan, kada ka rufe tukunya."

Muryata tana rawa saboda tsoro, tana fashewa a inda bai kamata ba. Na buɗe ido ɗaya don in ga ta inda za a fara jifa, sai na ga ɗakin ya yi tsit. Wata mata a layin gaba ta dafe ƙirji. Wani mai gemu ya rufe ido yana kaɗa kai. Da na ga haka sai na samu ƙarfin gwiwa (Allah ya yafe mini), na shiga albasa da tattasai, na durƙusa kaɗan a wurin busasshen kifi, na yi wani dogon nishi a kan man ja. Kafin in kai ga sauke tukunya matar gaban nan hawaye take yi sosai. Aka tafa, wasu har da miƙewa. Ni kuma na tsaya ban san ko murna zan yi ko istigfari ba.

Madam Nuha ta hawo tana share ido, ta ce dole jama'a su ji ma'anar wannan kukan. Na yi sauri na ce ba ya fassaruwa. Ta ce ba komai, ai Amm Adam na nan. Ban san wane ne Amm Adam ba sai da na ga wani dattijo baƙi da farar jallabiya ya ajiye farantin shayi ya taho. Shi ne mai dafa shayin wurin. Ashe Bahaushen Sudan ne, kuma tun daga ruwan zafi har man ja yana tsaye a bakin ƙofa yana saurare.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Hausa, "Sannu ɗana. Mutumin ina?"

"Gusau, Baba." Na rage murya. "Baba, don Allah ka rufa mini asiri."

"Da furfurata zan yi ƙarya a gaban mutane?" Ya karɓi makirfon. "Kuma ba ka sa gishiri ba."

Ya juya ya fassara musu tsaf, ɗaya bayan ɗaya, da Larabcinsa mai sanyi, har da bayanin dalilin da ya sa ba a rufe tukunya. Da farko ba wanda ya yi motsi. Sai wani ya tuntsire daga baya, ɗakin ya ɗauka. Matar da ta yi kuka ta kalli hankicin hannunta, ta kalle ni, ta tura shi cikin jaka. Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Na waiga wajen Hisham, shi kaɗai ne ba ya dariya. Kunnuwansa sun yi ja, ya ƙura wa jitarsa ido.

Ban san me ya shiga ransa ba. Ana cikin hayaniyar ya jawo makirfon gabansa, ya fara kaɗawa, ya rera da Larabcinsu na titi. Waƙar a kan babansa ce, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran agogo har idonsa ya tafi, yanzu yana zaune a taga yana tambayar mutane ƙarfe nawa. Na san baban, na sha gaishe shi a wannan tagar, amma ban taɓa sanin Hisham ya yi masa waƙa ba. Dariyar ta mutu da kanta. Ni da ba na jin blues, sai da na ji wannan. Amm Adam yana gefena ya ce, "Ka ji mai ciwo. Kai yunwa ce ke damunka."

Na ce a raina khalas, shi ke nan, Allah ya gyara ɓarnar da na yi, Alhamis ta zama ta Hisham. Da mutane suka watse Madam Nuha ta kira mu gefe. Ta ce wa Hisham waƙarsa ta yi daɗi, amma wannan ai waƙar Masar ce da jita. Sannan ta juyo gare ni ta ce ni ne dai nake da abin, ta ji shi a jikinta, kalmomi ba su ne komai ba. Za ta ba mu Alhamis in har ni zan tsaya a gaba, sai dai a daina fassara.

Na kalle ta, na kalli Hisham, na rasa ta inda zan kama zancen. Matar nan da kunnenta ta ji miya ce. Na ce mata, "Madam, kuɓewa ce fa." Ta ce, "Ma'alish, ba komai, kuɓewar ma akwai zafi a cikinta."

Hisham yana ta naɗe wayar jitarsa. Na san in na ce to, zai samu abin da ya shekara yana nema, amma zai samu ne yana tsaye a bayana duk mako ina rera masa tuwo da miya. In na ce a'a, ya rasa gaba ɗaya. Na tambaye shi da ido, ya ƙi kallona. Sai na ce mata ba zan iya ba, ina da karatu. Har yau ban tabbata ko daidai na yi ba.

Ni da Hisham muka hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, har muka kusa tashar da zai sauka. Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba ka da waƙar ba?"

"Na gaya maka ban iya ba, ka ce yana jinina."

Ya ce, "Na faɗa. Amma kai ma ka ji daɗin da na faɗa." Ƙofa ta buɗe ya fita. Gaskiya ya faɗa. Mun shirya daga baya, amma bai ƙara neman wannan Alhamis ɗin ba, kuma bai ƙara kunna mini blues ba.

Abin da na tsira da shi dai, duk wanda ya yabe ka tun ba ka buɗe baki ba, ba kai yake yabo ba. Da mai kira mini "shokolata" a titi da Madam Nuha abu ɗaya suka gani, ita dai ta haɗa da shayi. Yanzu in aka ce mini wani abu yana cikin jinina, sai in ce a kawo sakamakon gwajin in gani tukuna.